JININ DA YA RAGE A ƘASA: WA ZAI WANKE, KUMA DA WANE ILMI?

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya ya gabatar ga matasa 'yan agaji a wajen wata bita da aka shirya masu. Mun rubuto maku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, in ban da ɗan gyaran da ba a rasa ba. A sha karatu lafiya.

 Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da iyalan gidansa tsarkaka, da sahabbansa zaɓaɓɓu.

Bayan haka, 'yan'uwa, abin da aka nemi in yi magana a kai yau ba abu ne mai daɗin ji ba. Sai ku yi haƙuri da ni, tunda ku ne abin ya fi shafa.

In an yi hatsarin mota a bakin tasha, ko 'yan fashi sun shiga gida sun yi ta'asa, ko 'yan daba sun sari wani a lungu, ko bam ya tashi a kasuwa, Allah Ya kiyashe mu, kowa ya san abin da ke biyowa. A kwashi masu sauran numfashi a yi asibiti da su. Waɗanda kwanansu ya ƙare a yi masu sutura. 'Yan sanda su zo su tafi. 'Yan jarida su zo su tafi. Manya su zo jaje su tafi. To, me aka bari? An bar jini a ƙasa, a jikin bango, a kan tabarma, ga guntayen nama, ga fasassun gilasai. Wa ke wankewa? Ku ne. Duk unguwar da ka je, matashi ne zai naɗe hannun riga, ya ari bokiti da tsintsiya a maƙwabta, ya shiga da silifas. Mata ba za su iya ba, dattawa ba ƙarfi, iyalan mamaci kuwa ba ya kamata a ce su suka goge jinin ɗansu da hannunsu.

Da yawanku kun tuna ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014, da aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na Kano ana shirin tayar da salla, mutum sama da 100 suka rasu. Washegari Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi II, ya je masallacin ya ba da umurni a wanke shi a ci gaba da salla a ciki. Umurni ne mai kyau, don in an bar masallaci a rufe an ba maharan abin da suke so. Amma fa wanki hannu ke yin sa. Kuma shi wannan hannun yana da ƙaramin yanka a yatsa, yana da faso a dunduniya, yana da ido da zai murza in gumi ya shiga. Wannan hannun nake so mu yi magana a kansa.

A wasu ƙasashe wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta. A Amurka, 'yan sanda in sun gama bincikensu ba su wanke komai, mai gida ake bar wa ɗakinsa yadda yake. Shi ya sa kamfanoni suka taso waɗanda ba su da aiki sai tsaftace inda aka yi kisa, ko inda wani ya kashe kansa, ko inda gawa ta kwana biyu ba a sani ba. Tun 1991 hukumar da ke kula da lafiyar ma'aikata a can ta fitar da doka a kan duk wanda aikinsa ke haɗa shi da jinin mutum: tilas mai kamfani ya horar da shi, ya ba shi kayan kariya, ya kuma ba shi allurar rigakafin ciwon hanta kyauta. Jihar Kalifoniya ma, tun ƙarshen shekarun 1990, sai ka yi rajista da gwamnati kafin ka taɓa irin wannan aiki. Kuma ku duba abin da ya faru a birnin Christchurch na ƙasar Niyu Zilan, inda wani azzalumi ya buɗe wa masallata wuta ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, mutum 51 suka rasu. Ba a koma masallacin Annur ba sai ranar 23 ga wata. Juma'ar da ta biyo baya a filin shaƙatawa da ke tsallaken titi aka yi ta. Cikin kwanakin nan masu bincike suka gama nasu, sannan ma'aikata suka ɗaye kafet ɗin gaba ɗaya, suka cike ramukan harsashi, suka sake fenti. Ba su yi haka don sun fi mu son masallaci ba. Sun san abin da ke cikin jini ne.

To, me ke cikin jinin? A nan nake so ku buɗe kunne, don nan ne gundarin maganar.

Mu a zaure an karantar da mu babin tsarki tun muna yara. Jinin da ya kwarara najasa ne. Ana gusar da najasa da ruwa tsantsa, in ainihinta ya tafi wuri ya tsarkaka, a yi salla a kai. Kun san ƙissar baƙauyen da ya yi bawali a masallacin Manzo (S), aka sa a zuba guga ɗaya na ruwa a wurin. Har ma an yi rangwame ga jinin da bai kai faɗin dirhami ba a jikin tufa. Duk wannan daidai ne, babu mai ja da shi. Amma wannan hukuncin salla ne. Tambayar da yake amsawa ita ce: sallata ta inganta ko ba ta inganta ba? Akwai wata tambaya daban: in na taɓa wannan wuri, zan ɗauki cuta ko ba zan ɗauka ba? Wuri yana iya zama mai tsarki a shari'a, ka yi salla a kai ta karɓu in Allah Ya so, alhali ƙwayar cuta tana nan kwance a cikin tsagar siminti. Digon jinin da bai kai kan allura ba, wanda shari'a ta yafe maka a salla, ya isa ya sa maka ciwon da za ka yi shekara 20 kana ɗauke da shi ba ka sani ba. Ita ƙwayar cuta ba ta san dirhami ba.

Kowa in an ce jini sai tunaninsa ya tafi ga ƙanjamau. Wallahi a wannan aiki ba ita ce ta fi ba ni tsoro ba. Wanda allura mai jinin mai ƙanjamau ta soka, cikin mutum 1,000 kamar 3 ne ke kamuwa, kuma ƙwayarta ba ta da juriya in jini ya bushe. Ciwon hanta nau'in C, kamar mutum 2 cikin 100. Amma ciwon hanta nau'in B, ga wanda ba a yi wa rigakafi ba, yana kaiwa har mutum 30 cikin 100. Kuma ƙwayarsa tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7. Wato jinin da ya zuba wannan Juma'a, ya bushe ya yi baƙi a jikin ƙofa, wata Juma'ar yana nan da ƙarfinsa. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na baligai suna ɗauke da wannan ƙwaya. Ka lissafa: sahu ɗaya mai mutum 25, akwai biyu a ciki. Mafi yawansu ba su sani ba, lafiyarsu ƙalau, suna noma suna kasuwa. Sai bayan shekaru a ga ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, a ce shawara ce, a ce sammu ne, alhali hanta ce ta ƙone ko daji ya kama ta. Saboda haka a wurin da jinin mutum 30 ya gauraya, kar ka yi tambaya ko akwai. Ka ɗauka akwai. Ƙa'idar masu wannan sana'a ke nan: kowane jini a ɗauke shi mai cuta ne, ko na liman ne, ko na jariri, ko na babanka.

Na san akwai mai cewa a ransa: Malam, wannan ai ƙyamar Musulmi ne, kuma ina tawakkali? Ɗan'uwa, safar hannu ba ƙyama ba ce. Mai ƙyama shi ne wanda ya toshe hanci ya wuce. Kai da ka tsaya ka durƙusa, ka riga ka fita daga wannan zargi. Batun tawakkali kuma, a shekara ta 18 bayan Hijira da annoba ta ɓarke a Sham, Halifa Umar ya kamo hanya da jama'a, da labari ya iske shi ya yi shawara ya juya da su Madina. Da aka yi masa magana a kan ƙaddara, ya nuna cewa juyawar ma a cikin ƙaddarar Allah take. Kuma ka tuna ba kai kaɗai ba ne. Ciwon hanta yana bin aure, yana bin haihuwa. Ka ɗauko a bakin titi, ka kai wa yarinyar da za ka aura, ita kuma ta ba jaririnku ran haihuwa. Su wane laifi suka yi?

Yanzu kafin mu zo ga yadda ake wankin, akwai abin da ke gaba da shi, wato ka san lokacin da ba a wankewa. In wurin laifi ne, jinin nan shaida ne. Inda ya faɗi, yadda ya fantsama, kwanson harsashi, sawun takalmi, wuƙar da aka yar, duk suna magana ga wanda ya iya karanta su. Mu kuma zuciyarmu ba ta jure ganin jinin Musulmi a ƙasa, sai mu yi maza mu kwara ruwa, mu tsinci kwanso mu sa a aljihu. Ba mu sani ba mun wanke wa mai kisa hannu. Ran 27 ga Disamba 2007 aka kashe Benazir Bhutto a Rawalfindi ta ƙasar Fakistan. Awa ɗaya da minti 40 bayan tashin bam ɗin aka kawo motar kashe gobara aka wanke titin fes. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ya yi bincike ya faɗa a 2010 cewa abubuwan shaida 23 kacal aka tsinta, a wurin da ya kamata a samu dubbai. A 2017 kotu ta ɗaure manyan 'yan sanda biyu shekara 17 kowanne, kuma wanke wurin nan yana cikin abin da aka kama su da shi. Wannan fa tsohuwar firayim minista ce. Ina ga ɗan talaka da aka yanka a kango? Na sani, za ku ce hukuma a nan sau da yawa ba ta zuwa, in ta zo ma ba ta zo da komai ba. Haka ne. Duk da haka haƙƙin mamaci ne a ba shaida dama. Mai rai a ɗauke shi nan take, wannan ba ya jiran kowa. Sauran kuwa a kewaye da igiya, a hana 'yan kallo shiga, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda, sai sun ce sun gama. In kuma bam ne, ku sani sau da yawa akan dasa na biyu don masu kawo ɗauki. Kar a yi cincirindo.

To, an ba ku wuri. Me za ku sa? Safar hannu biyu: ta asibiti a ciki, ta roba mai kauri a waje, don ta asibiti gilashi ɗaya ya taɓa ta ta yage. Takalmin ruwa mai tsawo, ba silifas ba. Takunkumi a baki da hanci. Tabarau ko wani abin kare ido, don ido ƙofa ce. Rigar leda a kan kayanka. Duk wani yanka a jikinka ka rufe shi da filasta tun kafin ka fara, in kuma hannunka ya yi miki da yawa, ranar nan aikinka ɗebo ruwa ne. Ba ci, ba sha, ba goro, ba amsa waya a cikin wurin. Amma masallatai nawa ne ke da lasifika huɗu ba su da safar hannu ko guda?

Maganin da ake aiki da shi ba baƙo ba ne, yana kowane kanti: ruwan kulorin, irin su Hypo da Jik. Ku duba jikin robar. In an rubuta kashi 3.5, to gwangwani 1 na maganin, gwangwani 6 na ruwa. In kashi 5 ne, 1 da 9. In garin kulorin ne mai ƙarfi irin na masu gidan ruwa, mai kashi 65 zuwa 70, babban cokali 10 a jarka mai lita 20. Duk abu ɗaya suke bayarwa, wato haɗin kashi 0.5, shi ne na jini da ƙasa da makara da bayan mota. In ka ɗebi gwangwani 1 na wannan haɗin ka ƙara ruwa 9, ka samu mai sauƙi, na jiƙa tufa. Kullum sabo ake haɗawa, don rana da zafi suna kashe ƙarfinsa, na jiya ruwa ne kawai mai wari. Kuma don Allah kar wani ya ce bari ya ƙara masa ƙarfi ya zuba Harpic ko ruwan batir ko wani sinadari a ciki. Hayaƙi mai guba zai tashi, a rufaffen ɗaki yana iya kayar da mutum. Ƙamshin Dettol ko Izal kuma kar ya ruɗe ku ku ce aiki ya yi, hanci ba ya ganin ƙwayar cuta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da kwara ruwa. Jinin da ke faɗin tabarma ɗaya sai ya zama faɗin tsakar gida, ya bi lambatu ya fita titi inda yara ke wasa. Tiyo mai ƙarfi ya fi muni, don yana tayar da feshi ya shiga ido da baki. A fara da tsince masu kaifi, gilashi da ƙusa da allura da reza, da abin kamawa ko shebur, a zuba a jarka mai kauri a rufe. Abin da yake na jikin ɗan Adam ne, komai ƙanƙantarsa, a tattara shi daban cikin ladabi, a naɗe, a kai maƙabarta, wannan ba shara ba ne. Sannan a zuba dusar katako ko yashi ko tsumma a kan jinin ya tsotse, a kwashe da shebur a zuba a leda. Sai a wanke da omo da ruwa kaɗan, daga gefe mai tsafta ana tahowa tsakiya. Dalili shi ne shi kulorin in ya haɗu da jini mai yawa ƙarfinsa a nan yake ƙarewa, bai kai ga ƙwayar ba. Sai wuri ya fita sannan a jiƙa shi da haɗin, a bar shi jiƙe minti 10. Minti 10 na agogo, ba na ƙiyasi ba. Daga nan a ɗauraye da ruwa tsantsa. Kun ga wannan ɗaurayar ta ƙarshe ta raba gardama, don malaman fiƙihu sun yi magana a kan ruwan da wari ko launinsa ya jirkita da abin da aka zuba masa. In ka rufe da ruwa tsantsa, likita ya gamsu, liman ya gamsu.

Wannan duk a kan tayil ne da siminti mai santsi da ƙarfe. Abin da ke shan ruwa, katifa, kafet, matashi, tabarmar kaba, buzu, in jini ya ratsa shi ba ya wankuwa. Abin da ka gani a sama kamar tafin hannu, a ƙasa ya kai faranti. A yanke a fitar. Daɓen ƙasa a kankare har sai an wuce inda ya jiƙe. Na san da ciwo ka ce wa talaka ya ƙona katifarsa ɗaya tilo, to a nan ne jama'a za su yi karo-karo su saya masa wata. Kuma kar a yar da ita a bola lafiyayya. 'Yan jari-bola za su ɗauka kafin la'asar, jibi tana kasuwa, wani ango ya saya. A tsattsaga ta, a ƙone a rami, ko a roƙi asibiti mafi kusa su sa a wurin ƙona shararsu. Ramin ya yi nesa da rijiya, aƙalla mita 30. In akwai Alƙur'ani ko littattafan da jini ya taɓa, a sa su a leda daban a miƙa wa liman, shi ya san yadda za a yi da su.

Inda gawa ta daɗe a ɗaki kuwa, musamman da zafin bazara, ruwan jiki yana ratsa daɓe, kuma turaren wuta ko na buhu guda ne ba ya kore warin, sai an cire abin da ya sha ruwan. A Japan wannan ya zama babbar sana'a, saboda dubban tsofaffi da ke mutuwa su kaɗai a ɗaki, sai wari ya sanar da maƙwabta. Mu da sauƙi tukuna, tunda in ba a ga mutum a Asuba da Azahar ba akan ƙwanƙwasa ƙofarsa. Allah Ya sa kar mu rasa wannan.

Wurin tuɓe kaya nan ne gwanaye ke faɗuwa. Mutum ya yi awa uku yana kiyayewa, ya gaji, ya fizge takunkumi da safa mai jini ya share gumi. A hankali ake yi, wani ɗan'uwa yana tsaye yana kallonka. Safar waje tukuna, sai riga, sai takalmi, sai tabarau da takunkumi ta igiyarsu ta baya, safar ciki ita ce ƙarshe, ka juya cikinta waje. Sannan sabulu da ruwa. In kuma tsautsayi ya faɗa, wani abu ya soke ka, kar ka tsotsa, kar ka matsa, kar ka zuba kulorin a ciwon. Ka wanke da sabulu da ruwa mai gudu. In ido ne, ruwa zalla mai yawa. Sannan asibiti, a ranar. Akwai maganin da ke tare ƙanjamau in an fara shi kafin awa 72, ana sha kwana 28, kuma gwargwadon saurinka gwargwadon amfaninsa. Na ciwon hanta ma an fi so cikin awa 24. Kunya ba ta da wuri a nan.

Sai batun gawa, kuma ina so ku rarrabe biyu. Wanda mota ta kashe, ko harsashi, ko ambaliya, gawarsa ba ta jawo annoba a gari. Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Red Cross sun sha nanata wannan. Saboda haka babu dalilin a tura mutane rami ɗaya cikin gaggawa ba a gane su ba, ba a yi masu wanka da salla ba. Mai wanka ya sa safa da takunkumi, shi ke nan. Amma wanda ya rasu da zazzaɓi mai zafi da amai da gudawa, ko jini na fita ta hanci da dasashi, wannan wani babi ne. A annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016 a Gini da Laberiya da Saliyo, mutum sama da 28,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu, kuma Hukumar Lafiya ta ce aƙalla kashi 20 cikin 100 na sababbin kamuwa a wurin jana'iza ake samun su. A Saliyo jana'izar wata mai maganin gargajiya guda ɗaya an danganta ta da mutuwar mutum har 365. A Oktoban 2014 aka kawo wani babban limami daga kan iyakar Gini zuwa wani asibiti a Bamako, ya rasu ba a gane Ebola ce ba, aka kai gawarsa masallaci aka yi mata wanka, aka mayar da ita garinsu. Bayan haka ma'aikacin jinyar da ya kula da shi ya rasu, likitan ma ya rasu. Ka ga girman mamaci bai hana komai ba, sai ma ya ƙara yawan hannun da ke son taɓa shi. Abin da ya kawo sauƙi shi ne da aka zauna da malamai, a Nuwamban 2014 aka fitar da tsarin da ya yarda a yi wa irin wannan gawa taimama a madadin wanka, a sa mata likkafani, a yi mata salla, horarru su binne ta iyalai suna gani. 'Yan sa-kai na Red Cross, mafi yawansu matasa kamarku, sun yi irin wannan jana'iza sama da 47,000.

Kar ku ce wannan can ne. Zazzaɓin Lassa a ƙasar Barno aka fara gano shi a 1969, kuma duk rani yana dawowa. A farkon 2020 likitoci biyu suka rasu a Kano bayan sun yi wa wata mai juna biyu aiki. In likita a ɗakin tiyata bai tsira ba, ina ga mai wanka da hannu tsirara? In kun ga irin waɗannan alamu, kar ku taɓa gawar, kar ku taɓa shimfiɗar, ku kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Wankan gawa farilla ce ta kifaya, in waɗanda suka iya sun yi, ta sauka a kan kowa.

Akwai kuma amana. Wanda ya shiga ɗakin da aka yi kisa yana ganin abin da ko dangi ba su gani ba. Abin da ka gani ya tsaya a cikinka. Wannan mugun hali da ya shigo, mutum yana kwance cikin jini ana ɗaukarsa a waya ana watsawa, uwa ta ga gawar ɗanta a WhatsApp kafin a zo mata gaisuwa, wallahi duk wanda ya yi shi a cikinku ku cire shi daga aikin. Kuma ku kula da junanku bayan an gama. Za a samu wanda barci ya ƙaurace masa, wanda ya kasa cin nama wata guda, wanda warin bai bar hancinsa ba. Wannan ba ragwanci ba ne kuma ba aljanu ba ne, zuciya ce ta ga abin da ya fi ƙarfinta. A zauna da shi, a bar shi ya yi magana, in ya wuce makonni a kai shi ga likita. Yaro ƙarami kuma, da wanda mamacin jininsa ne, kar a sa su.

Waɗanda ke neman abin yi a cikinku, ku sani wannan fanni ne da ake karantawa. Shi ne aikin duba-gari na da, yanzu ana ce masa lafiyar muhalli, akwai Makarantar Koyon Tsafta a Kano, akwai kwalejojin kimiyyar lafiya a jihohi. Da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara a 2010, gida-gida aka bi ana kankare ƙasar tsakar gida ana zuba sabuwa, har aka kai ga Bagega a 2013, kuma 'yan ƙasar aka horar suka yi aikin da hannunsu. Asibitoci, otal-otal, kamfanonin sufuri, duk suna bukatar wanda ya iya.

Amma abin da nake so a fara da shi a wannan makon shi ne allura. Sai a 2004 aka sa rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin alluran jarirai a Nijeriya, saboda haka duk wanda aka haifa kafin nan ya ɗauka ba a yi masa ba, na bayan nan ma a yankinmu da yawa ba a kai su ba. A fara da gwajin jini. Wanda ba ya da ita a yi masa allura 3: yau, bayan wata 1, sai a wata na 6. Wanda aka samu yana da ita ya ga likita, akwai maganin da ke danne ta, kuma a gwada iyalinsa. Shugabannin kowace unguwa su rubuta sunayen 'yan agajinsu, wanda bai gama allurarsa ba ya tsaya a bakin igiya yana kore 'yan kallo.

Na ga an kawo bokiti da jarka. Bayan salla sai mu fita fili, kowa ya haɗa ruwan da hannunsa, ya sa safa ya cire ina gani. Mai tambaya ya riƙe ta sai can.